Nauyin da Usman Dabbab Ya Kasa Cirewa

Bana shekara arba'in ke nan da muka sauko da Usman daga dutse. Tun lokacin ban taɓa sa alƙalami a kansa ba, duk da surutun da nake cika muku shafin nan da shi. Da na gaya wa matata Maryam, wadda ita ce ƙanwarsa, cewa bana zan rubuta, sai ta ce in dai zan yi to in rubuta shi yadda yake, da taurin kansa da komai, kada in mayar mata da ɗan'uwa waliyyi. Na yi mata alkawari. Kuma gaskiya ba zai yi mini wuya ba, domin har yau akwai abin da nake jin haushin Usman a kansa.

Na je Madina karatu a ƙarshen shekarun 1970, ina saurayi mai jiki da son tuwo. Duk ɗalibin da shinkafar makaranta ta gundure shi a wancan zamani, unguwar Sih yake nufa, gidajen Hausawan da kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna. A can na haɗu da Usman. Haifaffen Madina ne, Hausarsa rabi Larabci, siriri, ba ya zama wuri ɗaya. Yana da ɗan garejin gyaran babura a Anbariyya, can bayan masallaci. Mutanen can dabbab suke ce wa babur, sunan ya bi shi, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna bayan Usman Dabbab ba.

A yamma da Madina akwai duwatsu baƙaƙe masu tsayi, kuma a kan ɗaya daga cikinsu akwai wani ɗan ƙauye mai idon ruwa. Wasu dattawanmu, 'yan Nijar da 'yan Cadi da Kanawa, suna aiki a can, kiwon awaki da kula da amyar zuma, iyalansu kuwa suna Sih da Ranuna. Mota tana kaiwa gindin dutsen ne ta tsaya. Daga nan sai wata siririyar hanyar jakuna, wadda take cinye wa mutum wuni guda. Usman ya ƙudura a ransa sai ya hau ta da babur, ya je ya dawo a rana ɗaya. Kowa ya ce masa hauka ne, ya yi kunnen uwar shegu da mu.

Ya samo wani babur ƙirar Japan ya shiga yi masa tsirara. Ya cire madubai, ya cire murfin sarƙa da murfin tayar baya, ya cire ƙafar tsayuwa, ya ce ai duwatsun jingina ba su ƙare ba. Ya yanke sirdi ya bar ɗan abin da zai ɗauki mazaunai. Ya sauke salansa mai nauyi ya ƙera wata siririya da hannunsa, wadda in ya tayar da ita a Anbariyya sai tantabarun masallaci su watse. Duk ƙarfen da ya ga ya yi kauri sai ya huhhuda shi. Akwai wani mai sayar da dabino kusa da garejin, sikelinsa ya sha wahala, domin duk abin da Usman ya kwance sai ya kai ya auna, ya dawo yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Amma ba rage nauyi kaɗai ya dame shi ba. Ya fi damuwa da inda nauyin yake zaune. Ya ce a hawan dutse nauyi ƙasa ake so ya kasance, kuma gaba, domin da zarar ya koma baya ko ya yi sama, tayar gaba za ta bar ƙasa, kan babur ya daina jin maganarka. Saboda haka ya sauko da batir can ƙasa kusa da inji, ya faɗaɗa hannun babur ɗin, ya sa babban faifan haƙora a tayar baya don ya riƙa hawa a hankali da ƙarfi, yana kuma rage iskar taya kafin ya fara hawa don ta kama dutse. Ni da na zo karatun fiƙihu, sai da na haddace waɗannan duka don yawan ji. Wata rana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya shekh, da kai ɓangaren dabbab ne, wallahi kai zan fara kwancewa."

Kwanan baya jikansa, wanda shi ma sunansa Usman kuma yake karatu a wata ƙasa mai tsananin sanyi, ya turo wa Maryam hoton bidiyo a waya. Wani abin hawa ne na kan ƙanƙara, babur dai, sai dai maimakon taya yana da sanduna biyu masu sulɓi a gaba da faffaɗan bel a baya, da shi suke hawan duwatsun da ƙanƙara ta rufe. Yaron yana tsugune yana nuna mana abin da ya yi masa: ya sauya salansa da marar nauyi, ya sa ƙaramin batir, ya matse tsakanin sandunan gaba don abin ya riƙa kwanciya a kwana. Bai taɓa ganin kakansa ba, ba wanda ya koya masa. Na san da Usman yana nan da ya manne da wayar nan, yana tambayar nauyin kowane kusa, yana cewa a matso da tanki gaba. Maryam kuwa ba ta kalli bidiyon har ƙarshe ba, ta ajiye wayar ta shiga ɗaki.

Babur ɗin ya hau dutsen. Ranar da ya fara kaiwa sama ya dawo kafin magariba da kwalbar zuma a cikin riga, Sih ta ɗauka. Daga ranar kuma matsalarsa ta fara, matsalar da duk Bahaushe ya san ta: saƙo. Mu ba ma ganin matafiyi mu ƙyale shi ya tafi hannu rabbana. Wannan ta kawo ƙullin daddawa a kai wa mijinta, waccan ta kawo wankakkun riguna, wani ya kawo maganin ciwon ƙafa, wata ta kawo garin kunu. Kowa cewa yake, "Ɗan abu ne, ba nauyi." Gaskiya ne, kowane ɗaya ba nauyi. Abin da ya kwashe wata da watanni yana cirewa da sifana, mata suka mayar masa da shi a safiya ɗaya, har da ƙari.

Da gangan ya cire kariyar ɗaukar kaya ta baya don a rasa wurin ɗaurawa. Sai suka fara zuwa da igiyarsu. Usman, mutumin da zai yi musu da kai wuni guda a kan kusa ɗaya, ba ya iya kallon idon tsohuwa ya ce a'a. Da ya ga ba mafita, ya ɗinka jakunkuna biyu na tamfol ya rataya su a gefen tanki, ƙasa-ƙasa, ya kafa doka cewa abin da bai shiga jaka ba ba ya tafiya, bayan sirdi kuwa ko tsinke ba a ɗorawa. Dokar ta yi aiki shekaru. Amma duk safiyar da zai tafi gabana faɗuwa yake, domin na san dokar tana tsaye ne a kan bakin mutumin da ba ya iya hanawa.

Sau ɗaya na hau dutsen nan a bayansa, kuma ban sake ba. Ni na matsa, ya ƙi, na kai ƙara wurin mahaifiyarsa, ya yarda yana gunaguni. Farkon hanyar lafiya lau. Sai muka iso wani wuri da makiyayan suke kira Maƙogwaro, inda hanya take tsukewa ta miƙe sama lokaci ɗaya, dutse a dama, rami a hagu. Muna cikin hawa na ji gaban babur ɗin ya yi sakayau, na leƙa na ga tayar gaba tana shawagi a iska. Ya daka mini tsawa, "Kwanto a kaina! Guddam, guddam, turo jikinka gaba!" Na rungume shi na danne shi a kan tanki, tayar ta dawo ƙasa da ƙara, muka wuce. Da muka kai sama na sauka daga babur ɗin. Shi kuwa ya zauna a ƙasa ya ce, "Ka gani ko? Jaki in ka yi masa nauyi tsayawa yake. Wannan juyowa yake ya hau ka." A kan jaki na sauko washegari.

Safiyar ƙarshe tsakiyar bazara ce, irin zafin Madina da yake fara cizo tun hantsi. Ina garejin, domin lokacin an sa ranar aurena da Maryam, kullum ina maƙale da shi. Jakunkuna sun cika, ya ɗaure gorar ruwansa da ƙullin sifanunsa a mazauninsu kusa da inji, ya taka babur ya tashi. Sai ga Khala Hauwa tana haki, rungume da jarka. Matar Baba Idrisu ce, wani dattijo cikin masu kula da zuma a sama. Ta dawo daga Umra ke nan. Jarkar cike take da Zamzam, ta rufe bakin da leda ta naɗe da ƙyalle ta ƙulle tamau.

Ta ce, "Ya waladi, don Allah. Babanku ta'aban ne, ba lafiya, an ce ba abin da yake zama a cikinsa. Moya ce ta Zamzam, da hannuna na ɗebo masa, da niyyarsa."

Usman ya kashe inji. Ya karɓi jarkar ya jijjiga ta a hannu, na ga fuskarsa ta sauya. Ba za ta shiga jaka ba, kowa ya gani. Na ce, "Khala, a bari sai masu jakuna za su hau." Ta ce masu jakuna sai mako mai zuwa, wa ya san ko tsohon zai kai. Ta tsaya kawai tana kallonsa. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Ka ce a'a. Sau ɗaya dai a rayuwarka." Bai dube ni ba. Ya tsuguna ya gwada jarkar a mazaunin gora, ta yi faɗi, tana taɓa inji. Ya miƙe ya ɗora ta a bayan sirdi, wurin da ya haramta wa kowa, ya ɗaure da igiyar da ta zo da ita. Sannan ya kwance gorar ruwansa da ƙullin sifanu ya miƙo mini, wai ya rage abin da ya ƙaru.

Na ce masa wannan ba lissafi ba ne, ya cire nauyin ƙasa ya ƙara na sama, shi da bakinsa ya koya mini. Na ce ko ba komai ya tafi da gorar ruwansa. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya yi dariya ya ce, "Khalas, ya shekh. Kafin azahar ina sama, can ga idon ruwa. Ka gaida amarya." Ya taka ya tafi, ya bar ni tsaye da gora a hannu.

Magariba ta yi bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta ce wataƙila ya kwana sama, ai yakan yi haka in dattawan suka riƙe shi da hira. Kowa ya kama wannan magana ya riƙe, domin ita ce mai daɗin riƙewa. Mutanen sama kuwa ba su san ma yana tafe ba, tunda ba waya, ba shi kuma da tsayayyar rana. Mu muna cewa yana wurinsu, su suna cewa yana wurinmu. Washegari na wuni a bakin garejin, duk ƙarar babur da na ji sai in miƙe, alhali na san ƙarar tasa ba ta kama da ta kowa. Da la'asar ta wuce, matarsa Safiyya ta fito da jariri a kafaɗa ta ce mini, "Usman bai taɓa kwana biyu bai ga yaron nan ba." Nan na tashi na je na nemi ƙannensa.

Da sassafe muka ɗauki motar wani maƙwabci zuwa gindin dutse, ni da ƙannensa biyu, muka kama hawa da ƙafa. Sawun tayarsa yana nan a wuraren da ke da yashi, sawun tafiya, babu na dawowa. Ni dai addu'ata ɗaya, Allah Ya sa sawun ya wuce Maƙogwaro.

Bai wuce ba. Mun same shi a ƙasan wurin, a wani ɗan lungu tsakanin duwatsu. Babur ɗin ya juyo da baya kamar yadda ya sha faɗa, ya gangaro da shi, ya danne masa ƙafa a jikin dutse. Ƙasar da ke gefensa duk ya tone ta da hannu. Da sifanunsa suna nan, wataƙila da ya kwance abin da ya riƙe shi. Rai ya riga ya yi halinsa, leɓɓansa sun tsattsage. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce karayar ba ta kisa ba ce, rana ce da ƙishirwa.

Jarkar tana gefensa. Ya kwance ta daga sirdi, ya jawo ta inuwar dutse kusa da kansa, ya lulluɓe ta da rawaninsa don kada rana ta dafa ta. Ƙullin Khala Hauwa yana nan yadda ta yi shi. Ko ɗigo bai taɓa ba.

Wannan shi ne haushin da na ce muku ina ji. Shekara da shekaru ina karantar da ɗalibai cewa larura tana halatta abin da aka hana, cewa ceton rai yana gaba da kiyaye kayan wani. Usman ya san wannan, ba jahili ba ne. Da Khala Hauwa tana wurin da ita za ta ɗura masa da hannunta. To me ya hana shi? Na juya tambayar nan har na gaji. Abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne, bai yanke shawarar mutuwa ba. Jira ya yi ta yi. Ya ce bari in ƙara haƙuri kaɗan, yanzu wani makiyayi zai ɓullo, in kai wa tsoho saƙonsa a rufe yadda aka ba ni. Kunyar miƙa jarka buɗaɗɗiya ga marar lafiya ta fi masa ƙishirwar awa ɗaya, sannan ta wata awar, sannan ta wata. Lokacin da ya yarda ba mai zuwa, ina jin hannun ya riga ya kasa kwance ƙulli. Ina son mutumin nan har cikin raina, kuma da zan gan shi yau sai na fara yi masa faɗa kafin in rungume shi.

Yau an shimfiɗa kwalta har ƙauyen. Da na koma 'yan shekarun baya, a mota mai sanyi muka wuce Maƙogwaro, direban yana waya bai ko rage gudu ba. Saƙo kuwa yanzu kamfanoni ke ɗauka, su aza a sikeli, in ya wuce ƙa'ida su ce maka a'a ba tare da sun ɗaga kai ba. Ina jin sikelin zai burge Usman. A'ar ce ban sani ba. Ina zaton zai tsaya a bayan layi yana kallon tsohuwar da aka mayar wa kayanta, kafin ka ankara ya ce mata kawo.

Ranar da muka sauko da Usman, Baba Idrisu ma ya sauko a kan jaki, da ciwonsa, makiyaya na riƙe da shi. Ƙanin Usman ya ɗauko jarkar ya ajiye a gabansa ya ce, "Baba, ga saƙonka." Tsohon ya daɗe yana kallon ƙullin matarsa. Sannan ya ce, "Ni in sha wannan? Ku kai masa. Nasa ne tun shekaranjiya." Da ruwan jarkar aka yi wa Usman wanka. Baba Idrisu ya warke ya ƙara shekaru masu yawa. Khala Hauwa kuwa ba wanda ya taɓa ɗora mata laifi, ko mahaifiyar Usman, amma ita ba ta sauke wa kanta ba. A zaman makoki ta miƙe a tsakiyar mata ta ce da ta san haka, da kalma ɗaya za ta ƙara, ta ce masa in ka ji ƙishirwa ka sha.

Babur ɗin ya ruɓe a lungun, ba wanda ya yi sha'awar ɗauko shi. Garejin ya zama kantin sayar da turare, su Khala Hauwa duk sun riga mu gidan gaskiya. In ka tambayi matasan Sih wane ne Usman Dabbab, sai su ɗaga kafaɗa. Na daɗe ina ganin ba abin da ya rage nasa sai zanen fuskarsa a fuskar Maryam da kuma haushina.

A zuwana na ƙarshe, ina shirin dawowa Kano, wata yarinya daga dangin Safiyya ta kawo mini ƙullin dabino in kai wa gwaggonta. Irin 'yan yanzu ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta miƙo mini, har ta juya, sai ta dawo da sauri kamar wadda ta manta abu mai muhimmanci, ta ce, "Ammu, in ka ji yunwa a hanya ka ci. Halal alaik." Na tambaye ta wa ya koya mata faɗin haka. Ta yi mamakin tambayar, ta ce ai haka ake yi, a gidansu ba a ba matafiyi saƙo sai an halatta masa, tun tana ƙarama haka ta ga iyayenta mata suna yi. Na ce ta san dalili? Ta ce a'a.

Ban gaya mata ba. A cikin jirgi, ba yunwa nake ji ba, na kwance ƙullin na ci dabino ɗaya, na yi wa Usman addu'a. Allah Ya shayar da shi daga tafkin Annabi, shan da ba ƙishirwa bayansa.